HAWAN JININ HUHU: ABIN DA KE KAN MAI CIWO DA MUTANEN GIDANSA

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira hawan jinin huhu. Yawancin mutanen karkara ba su taɓa jin sunansa ba, amma sun san shi da ido. Shi ne za ka ga mace mai ƙarfi, wadda da takan ɗauko tulu daga rafi ba ta tsaya ba, yanzu sai ta sauke sau uku kafin ta kai gida. Ko ka ga magidanci ya yi kunya biyu a gona, ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki. Sai a ce fuka ce, ko a ce jininsa ne ya yi ƙaranci, wasu ma su ce sammu ne. Ana nan ana nan har ƙafafu su kumbura.

An rubuta wannan takarda domin wanda likita ya gaya masa yana da wannan ciwo, da wanda ake zaton yana da shi, da mutanen gidansu. In ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Ni ma'aikacin ɗakin magani ne, ba likita ba ne. Ba mu muke rubuta maganin wannan ciwo ba, a babban asibiti ake rubutawa. Amma wurinmu ake dawowa in ƙwaya ta ƙare ko jiki ya rikice. Likita yakan gan ka ne sau ɗaya a wata, wani lokaci sau ɗaya a wata uku, na ɗan lokaci kaɗan. Sauran kwanakin duka kana gida, kuma a gidan ne magani ke yin aiki ko ya lalace.

YADDA CIWON YAKE

Zuciya ɓangare biyu gare ta. Na hagu shi ke tura jini zuwa dukan jiki, daga kai har yatsun ƙafa. Aikinsa babba ne, saboda haka namansa mai kauri ne. Na dama kuwa huhu kaɗai yake kai wa jini domin ya ɗauko iska. Tafiyar kusa ce, hanyar a buɗe take, shi ya sa namansa ba shi da kauri.

Ka san injin ban ruwa na fadama. In laka ta toshe tiyo, ko wani ya taka shi, sai inji ya yi ta ƙugi yana zafi, ruwan da ke fita kuma kaɗan ne. Haka abin yake. Jijiyoyin jinin da ke cikin huhu ne ke ƙuntata, ɓangaren dama na zuciya ya shiga tura jini da ƙarfin da ba a halicce shi da shi ba. Da fari sai ya yi kauri, daga baya ya buɗe ya gaji. In ya gaji, jini ya taru a baya, ruwa ya sauka a ƙafafu da ciki.

A jikin mai lafiya, ƙarfin jini a hanyar huhu kimanin 14 ne a ma'aunin likita. In ya wuce 20, ciwo ya samu. Da can sai ya kai 25 ake lissafa shi ciwo, amma a taron da likitocin duniya suka yi a birnin Nis na ƙasar Faransa a 2018 aka kawo shawarar rage shi zuwa 20. An kiyasta mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi, mafi yawansu kuwa a ƙasashe irin namu suke.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ma'aunin da muke ɗaura maka a dantse ba ya ganin wannan ciwo ko kaɗan. Mutum yakan zo ya ce, an auna ni a kemis an ce jinina lafiya lau. Gaskiya ne, jinin dantsenka lafiya lau, amma na huhu dabam ne. Saboda haka kada ka ari ƙwayar hawan jini ta maƙwabcinka. Suna ne ya yi kama, ciwon ba ɗaya ba ne.

TUSHENSA

Likitoci sun kasa shi kashi 5 bisa ga abin da ya jawo shi, kuma magani tushe yake bi. A ƙasarmu wanda aka fi gani shi ne wanda ya taso daga ɓangaren hagu na zuciya. Ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi masa magani ba yakan lalata 'yan ƙyamaren da ke cikin zuciya. Hawan jini na yau da kullum da aka bari yakan gajiyar da ita. Akwai kuma raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda aka daɗe da sani a ƙasashen Zariya da Kano da Sakkwato. Bayan wannan sai wanda ya taso daga huhun kansa, ko tarin fuka ya ci shi, ko taba, ko hayaƙin itace da mace ta shekara da shekaru tana shaƙa a rufaffen madafi. Sikila tana kawo shi. Ƙanjamau yana kawo shi. Tsargiya ma haka, musamman irin da ke zama a hanji da hanta, domin ƙwanta yakan bi jini ya maƙale a jijiyoyin huhu. Wasu da huda a zuciya aka haife su. Wasu gudan jini ne ya daskare ya toshe hanya. Wasu kuma an bincika duka ba a sami dalili ba.

Ka ga ke nan mutum biyu na iya zama a benci ɗaya, ciwonsu suna ɗaya, a ba wannan magani a hana wancan. Ba son kai likita ya yi ba. Ƙwayoyin da ke buɗe jijiyoyin huhu suna amfanin wasu, amma in aka ba wanda ciwonsa daga hagun zuciya yake, suna iya cika masa huhu da ruwa. Mai sikila ma sai an yi hankali. A 2009 an tsayar da wani gwaji a Amurka da ake ba masu sikila ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, domin an ga ciwon ƙashinsu yana ƙara tashi.

KAFIN A FARA

Aikinka na fari shi ne ka tafi inda aka tura ka. In mun ba ka takarda zuwa babban asibiti, kada ka sa ta ƙarƙashin katifa ka ce sai bayan kaka. Ana yin hoton zuciya, wanda ma'aikata ke kira eko, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da wasu manyan asibitocin jihohi. Ba a yanka ka, ba ciwo. Ɗan mai ake shafa maka a ƙirji a ɗora na'ura. Za a ɗauki hoton ƙirji, a ɗebi jini, a gwada ƙanjamau da sikila da hanta. Kada ka ji haushi don an gwada ƙanjamau, kowa ake gwadawa. Wataƙila a sa ka yi tafiya ta minti 6 a baranda, a auna nisan da ka yi. Wasu kuma sai an zura musu siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya, domin shi ne awon da ke tabbatar da ciwon sosai.

In ka zauna gaban likita, faɗi gaskiya. Mutanenmu suna da kunya da dauriya, a tambaye ka yaya jiki ka ce da sauƙi alhali kana zaune kake kwana. Wannan gaisuwa ce, a bar ta a bakin ƙofa. Ka gaya masa taki nawa kake yi kafin ka tsaya, matashi nawa kake tadawa da dare, ko ka taɓa suma. Ka zo da duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya, ka zube masa a kan tebur. Ba zai kama ka ba.

Sa'an nan ka yi tambaya. Mene ne sunan maganin nan? Sau nawa a rana? Har yaushe? Me zan ji a jikina in na fara? Wane gwajin jini yake bukata? Nawa ne kuɗinsa na wata ɗaya? In ba ka gane ba ka ce a sake. Ka tafi da wani wanda ya iya rubutu ya rubuta.

Tambayar kuɗin nan ita ce mutane suka fi jin nauyinta, ni kuwa a ganina ita ce babba. Maganin wannan ciwo ba na mako biyu ba ne kamar na ƙurji. Ga mafi yawan mutane na tsawon rai ne. Na sha ganin an sayar da akuya an sayi na wata biyu, mai ciwo ya miƙe, kuɗi su ƙare, a zauna shiru har ya koma fiye da yadda yake da. Gara tun ranar farko ka ce, likita, ga abin da zan iya kowane wata. Magani ɗaya yakan zo daga kamfanoni dabam dabam, wani ya fi wani araha, aikin kuwa ɗaya. Likita zai iya zaɓa maka wanda za ka iya riƙewa, amma sai ka faɗa masa. In kun dawo gida ku zauna da 'yan'uwa, a san wanda zai ɗauki wane wata. Ka tambaya kuma a asibiti ko akwai tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharku da za ka shiga. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, in ɗayansu ne tushen ciwonka wannan nauyi ya ragu.

ABIN DA MAGANI KE YI DA ABIN DA BA YA YI

Da can babu magani na musamman ga irin ciwon da ke cikin jijiyoyin huhun kansu. Likitocin Amurka sun bi masu shi da suka rubuta tsakanin 1981 da 1985, suka ga rabinsu ba su kai shekara 3 ba. A 1995 aka sami magani na farko, wanda ake ɗura wa ta jijiya dare da rana da wani ɗan inji. A 2001 aka sami ƙwayar bosentan, a 2005 sildenafil, a 2009 tadalafil, wasu kuma suka biyo baya. Yanzu akwai masu shekaru da yawa da ciwon suna harkokinsu.

Amma fa magungunan nan riƙe ciwon suke yi, ba kashe shi suke yi ba. Kamar gwafar da aka tokare rumbu da ita ne. Rumbu ya tsaya daidai, sai wani ya ce ai ya gyaru, ya zare gwafa.

Saboda haka ranar da ta fi kowace haɗari ita ce ranar da ka ji daɗin jikinka. Bayan mako shida ko wata biyu haki ya ragu, takalmi ya shiga, ka je masallaci ka dawo ba ka tsaya ba. Sai masu zuwa gaisuwa su ce ai ka warke, me za ka ci gaba da zuba kuɗi a ƙwaya? Kada ka saurare su. Sauƙin da ka ji aikin ƙwayar ne. In ka bar ta farat ɗaya jijiyoyin na iya sake tsukewa cikin kwanaki kaɗan, zuciya kuwa ba ta shirya ba. Wani in ya faɗi ta haka, ko an koma kan maganin ba ya komawa inda yake. In akwai dalilin ragewa ko canzawa, likita ne zai yi, a hankali, yana dubanka.

Akwai waɗanda aiki yakan raba su da ciwon ko ya rage shi ƙwarai, kamar wanda aka gyara masa ƙyauren zuciya da wuri, ko wanda aka cire masa daskararren jini. In likita ya kawo maganar aiki, kada ka gudu don jin sunan wuƙa. Ka tambaya, ka yi shawara, ka dawo da amsa.

SHAN ƘWAYA KULLUM

Yawancin gidaje ba a duba agogo, amma kowa ya san lokacin salla. In an ce sau uku a rana, kamar yadda aka saba ba da sildenafil, ka ɗaura shi da asuba da azahar da lisha. In sau biyu ne, asuba da magariba. Ƙwayar fitsari, wadda aka fi sani da Lasix, da safe ake shanta, in ba haka ba ka kwana kana zarya bayan gida. In an ce ka sha ta biyu, kada ta wuce azahar sai in likita ya ce.

In ka manta ka tuna da wuri, sha. In lokacin ta gaba ya kusa, bar wadda ta wuce. Kada ka haɗa biyu don ramuwa, jiri zai kayar da kai.

A sami mutum ɗaya a gida wanda aikinsa ne tunawa, ko ɗan makaranta ne. Yara sun fi manya riƙe irin wannan aiki, suna kuma jin daɗin a ce su ne masu tsaron maganin Baba. A ba shi takarda ya riƙa yin zane duk lokacin da aka sha. Amma ƙwayar kanta a ajiye ta sama inda ƙanana ba sa kaiwa, a inuwa, nesa da murhu, cikin kwalinta.

Kowace Juma'a ka ƙirga abin da ya rage. In ya saura na kwana 7, lokacin nemowa ya yi. Kafin damina ta kankama ka roƙi likita ya rubuta maka na wata biyu ko uku, domin ka san halin hanyarku in rafi ya kawo. Ka saya a asibiti ko babban kantin magani mai rajista, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ka sayi ta kan tire a kasuwa wadda rana ta dafa.

Kusan kowane magani yana da ɗan abin da yake sa wa. Sildenafil da tadalafil sukan kawo ciwon kai, da zafin fuska, da toshewar hanci, da ƙwannafi. Sau da yawa yakan lafa bayan 'yan makonni. Ka sha Panadol, ka ci gaba, ka gaya mana. Amma in ganinka ko jinka ya ragu farat ɗaya, ka zo ran nan. Mai shan bosentan tilas a gwada jininsa kowane wata domin hanta. In ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, kada ya jira wata ya cika. Mai shan wafarin, watau maganin tsinka jini, shi ma yana da nasa gwajin, kuma kada ya yarda a yi masa ƙaho ko tsaga ko a cire masa haƙori a kasuwa. Wanda ƙyamaren zuciyarsa suka lalace tun yarinta, in an sa shi kan fenisilin, allura ce ko ƙwaya, ya riƙe ta har sai an ce ya bari.

Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda manoma ke sha kamar gyaɗa in an tashi daga gona, suna riƙe ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda. Ka bar su. Maganin mura mai buɗe hanci shi ma yana tsuke jijiyoyi. Jiƙe-jiƙe kuwa ba mu san abin da ke ciki ba, wasu kanwa ce da gishiri. Addu'a ba ta hana shan ƙwaya, a haɗa su.

WATA MAGANA MAI NAUYI

Dole in faɗe ta ko da tana da kunya. Sildenafil shi ne maganin da aka fara sayarwa a 1998 da sunan Viagra domin ƙarfin maza. Daga baya aka tabbatar yana buɗe jijiyoyin huhu. Saboda haka ana ba maza da mata har da yara. Yakan faru mace ta kai takarda kanti, mai kanti ya yi murmushi, ko wani ya karanta kwali ya kai wa mijinta magana. Daga nan sai ta ɓoye ƙwayar, ko ta daina.

Mai gida, ka ji da kyau. Likita bai yi kuskure ba, matarka kuma ba ta yi abin kunya ba. Maganin numfashinta ne. Kai ne ya kamata ka je ka sayo, ka kuma rufe bakin masu surutu. Kada kuma ka taɓa mata ko ƙwaya ɗaya, ko ka ba aboki. An ƙirga su ne daidai kwanakinta.

Kai kuma namiji mai shansa, kada ka ƙara da maganin maza na kasuwa, domin da yawansu an zuba musu wannan sinadari ba a rubuta ba. Kada kuma a haɗa shi da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sa wa ƙarƙashin harshe, ko 'yan'uwanta. Haɗa su yana faɗar da jini ƙasa har ya kashe. Duk asibitin da ka je, ko don ciwon haƙori ne, ka nuna katinka tukuna.

GISHIRI DA RUWA

Gishiri yana jan ruwa ya riƙe shi a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai wannan ciwo ya fi kowa bukatar kiyayewa. Uwar gida, wannan aikinki ne. Ɗunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, in kin rage gishiri kin ƙara ɗunƙule ba ki yi komai ba. Kanwa ma haka. Yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda mai ɗan ƙunshin yaji, duk gishiri ne. Ki ɗebi miyar mai ciwo a ƙaramar tukunya kafin ki sa na sauran gida, ki gyara masa da albasa da tafarnuwa da citta da daddawa kaɗan. Makon farko zai yi ƙorafi, daga baya harshe yakan saba.

Yawan ruwan da za ka sha likita ne zai yanka maka. Ledar ruwa ta sayarwa rabin lita ce, da ita za ka gane mudun. Kunu da fura da shayi duk cikin lissafi suke. In zafin Afrilu ya shigo ka sake tambaya, domin lissafin hunturu ba zai yi ba. In gudawa da amai suka kama ka alhali kana shan ƙwayar fitsari, ka zo wurinmu ran nan.

Mai sikeli a gida ya hau kowace safiya. In ka ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ba ƙiba ba ce. Wanda ba shi da shi ya zo ɗakin magani ranar kasuwa mu auna shi. A gida kuma ka danna ƙaurinka da babban yatsa, in rami ya zauna ruwa ya taru. Ka auna cikinka da igiya daidai cibiya ka ƙulla alama. Ka kuma zaɓi tafiya ɗaya da ka saba, kamar daga ƙofar gida zuwa rijiya, ka lura sau nawa kake tsayawa. In da ba ka tsayawa yanzu kana tsayawa biyu, labari ne da likita ke so ya ji.

CIKI DA HAIHUWA

Wannan ita ce magana mafi wuya a gidajenmu, kuma ba ta mace kaɗai ba ce. In mace ta ɗauki ciki jininta yakan ƙaru kusan da rabi. Zuciyar da ke fama da na da ba za ta iya da ƙarin ba. Wani bincike da aka tattara a 1998 ya nuna kimanin mace 1 cikin 3 masu ciwon mai tsanani da suka yi ciki sun rasu. An sami sauƙi tun daga lokacin a manyan asibitoci, amma har yanzu haɗarin babba ne, kuma ya fi yawa a lokacin haihuwa da kwanakin da ke biye. Bosentan da danginsa kuma suna nakasa ɗan da ke ciki.

Shi ya sa likita zai ce a dakata da haihuwa. Mai gida, ka raka ta ka ji da kunnenka, ka kuma yi wa mahaifiyarka da surukanka bayani da kanka, kada a bar ta ita kaɗai da gorin dangi. Hanyar tazarar haihuwa likita ne zai zaɓa, domin wasu ƙwayoyin suna daskarar da jini, bosentan kuma yana rage musu ƙarfi. In kuwa ciki ya riga ya shiga, ki zo da zarar wata ya wuce, kada ki ɓoye har ya fito. Haihuwarki a babban asibiti za a yi, ba a ɗaki ba. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa ba naki ba ne.

AIKI DA AZUMI DA TAFIYA

Kada ka kwanta ka zama gunki. Tafiya a hankali da sanyin safiya tana da amfani. Abin da aka hana shi ne ɗaukar buhu, da huɗa, da daka, da jan guga mai nauyi, da duk aikin da sai ka riƙe numfashi ka yunƙura. In ka ji jiri ko ƙirji ya ɗaure, zauna nan take. A fitar da murhu fili, a buɗe wa madafi taga, mai shan taba kuma ya bari.

Tun cikin Sha'aban ka tambayi likita maganar azumi. Wasu za a iya gyara musu lokacin ƙwaya, wasu ba za a iya ba. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ka tambayi malaminku. Abin da ba daidai ba shi ne ka yanke ƙwayar rana da kanka ba wanda ya sani. Haka kuma in za ka hau jirgin sama, ko aikin Hajji ne, ko za ka wuri mai tudu ƙwarai irin Mambila, ka faɗa tukuna, domin iska ta fi ƙaranci a sama, wani sai an tanadar masa oksijin.

LOKACIN DA BA A JIRA

In mai ciwo ya suma, ko yana haki alhali yana zaune, ko leɓensa da harshensa sun yi duhu, ko ya yi tarin jini, ko ƙirji ya riƙe shi, ko zuciya ta yi ta bugawa barkatai ba ta lafa ba, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi da tari suka haɗu masa, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A nemi mota. In yana cikin hayyacinsa a tafi da shi a zaune, a jingine shi, kada a shimfiɗe shi rigingine. In ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki. A sa katinsa da takardun hotonsa da kwalayen duk ƙwayoyinsa cikin leda ɗaya a tafi da su, wanda ya san lokacin da ya sha ta ƙarshe kuma shi ne zai raka shi.